Fili Mai Faɗin Ƙafa 25: Ta Ina Haske Zai Shigo?

A Hunkuyi, kamar sauran garuruwan da ke arewa da Zariya, ba kasafai mutum ke fita neman siririn fili da gangan ba. Ko dai gado ya kawo masa shi, ko ƙarfin aljihu. Maigida ya rasu ya bar gida mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, magada suka zauna rabo, kowa yana son ƙofarsa ta fita kan hanya, domin ba mai son iyalinsa su riƙa ratsa gidan wani kafin su ga titi. Sai a ja igiya daga gaba zuwa baya a tsaga gidan a tsaye, kowa ya tashi da ƙafa 25. Haka kuma tun da garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, filin bakin hanya ya yi daraja, malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci abin da yake iya saye shi ne rabin fuloti. Wanda ya zaga Makarfi ko Ikara zai ga irin waɗannan gidaje a jere, kowanne bangonsa na jingine da na maƙwabci.

Matsalar irin wannan fili guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Dogayen ɓangarorinsa biyu na wasu ne. Ba ka da ikon fasa taga ta dama ko ta hagu, in ma ka fasa yau, gobe maƙwabci zai ta da gininsa ya toshe ta, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rage maka shi ne fuskar titi, wadda al'ada da tsaro ba su yarda ka buɗe ta sosai ba, sai bayan gida, wanda shi ma yawanci wani ne a can. Saboda haka haske da iskar siririn gida daga sama za su sauko. Wannan ya sa nake ganin wanda zai gina irin wannan fili, kafin ya ƙirga ɗakuna, ya fara auna inda zai bari a buɗe. Tsakar gida ita ce abu na farko da ya kamata a shata a ƙasa, ɗakuna su biyo bayanta.

Yadda ake yi yanzu akasin haka ne. Maigida ya kira birkila, su tsaya a fili da igiya da turaku, ya ce yana son ciki da falo biyu, da ɗakin samari, da shago a gaba, da sito. Birkila ya jera su har su shiga, abin da ya ragu shi ake kira tsakar gida. Shekara biyar, an ƙara aure ko yaro ya girma, sai a yanki wani ɗaki daga ragowar. Damina ta dami matan gida, sai a kawo kwano a rufe sauran. Na sha shiga gidajen da da azahar tsaka uwargida ke haska tocilan waya cikin tukunya don ta ga ko miya ta yi, ta kuma ɗauki faranti ta fita bakin zaure don tsintar shinkafa. Bangon kicin ya yi baƙi ƙirin, shanya ba ta bushewa, ɗakin ƙurya yana warin sanyi ko da bazara. Masu gidan ba matalauta ba ne, sun kashe kuɗi mai yawa a bulo da tayil. Tsarin ne ya ci su.

Magabatanmu ba su yi manyan tagogi ba, wannan gaskiya ne, kuma wasu na kafa hujja da shi. Ɗakin ƙasa na gargajiya, wanda aka gina da tubali aka rufe da azara, 'yar ƙaramar taga gare shi can sama kusa da rufi, wani ma babu. Amma a duba me ake yi a cikinsa. Kwana ne da ajiya. Daka, girki, kitso, saƙa, ɗinkin hula, renon yara da karatun allo duk a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa ake yinsu. Daga zaure a faɗa ƙofar gida, fili ne a buɗe, daga nan a ratsa shigifa a fito cikin gida, wani filin ne kuma. Gini da sarari suna bin juna. Ko Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ƙananan kafofi ya bari a sama, haske na zubowa kaɗan kaɗan a kan bakan gizo, domin ya san zafin ranar ƙasar nan. Yau kuwa rayuwa ta koma cikin ɗaki. Falo ya zo da kujeru da talabijin, yara na aikin makaranta a ciki, keken ɗinki na ciki, kicin ya shige cikin gini. Ɗakin zamani ya fi na da buƙatar haske nesa ba kusa ba, ga shi kuma filin da ke ba shi hasken ya tsuke.

Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin Zariya ya fitar da littafi a kansu a 1982, ya nuna yadda gidan Bahaushe ke faɗaɗa ya kuma tsuke gwargwadon yawan iyali. Ɗakin ƙasa idan mai shi ya rasu ko ya tashi, aka daina yi masa yaɓe, damina biyu ko uku ta kwantar da shi, wurin ya koma fili, ƙasar ma a sake kwaɓa ta. Ɗakin bulo da siminti ba ya komawa fili. Duk ƙafar da ka cinye daga tsakar gida ta tafi ke nan har jikoki.

Ba mu kaɗai muka taɓa fama da ƙafa 25 ba. Filayen birnin New York na Amurka ma ƙafa 25 ne da ƙafa 100, daidai da rabin fulotinmu, kuma a ƙarni na 19 masu gidajen haya sun cika su da benaye, ɗakunan tsakiya ba taga ko ɗaya. A 1879 aka yi doka cewa dole kowane ɗaki ya sami taga mai buɗewa waje. Magina suka bi dokar da wayo, suka riƙa barin ɗan tsagi na ƙafa biyu da 'yan kai a gefen bene mai hawa biyar ko shida. Tsagin ya zama kamar rijiya, haske bai kai ƙasa, shara ta taru a ciki, in gobara ta tashi ta nan take hawa. Sai a 1901 aka sake doka aka tilasta barin fili na sosai. Na kawo wannan ne domin irin tsagin nan shi muke yi yau. Mutum ya ga zanen gidan Abuja a waya, ya dasa shi a tsakiyar siririn fili, ya bar ƙafa biyu tsakanin taga da katanga ta kowane gefe. Ya yi asarar ƙafa huɗu cikin 25, tagoginsa na kallon bulo, tsagin ya zama ma'ajiyar tsofaffin bokitai da gidan sauro. Da ya jingina ginin da iyaka ya tara waɗannan ƙafafu wuri guda, da sun ba shi filin da za a shimfiɗa tabarma.

A can Japan kuma, a 1976, mai zanen gini Tadao Ando ya gina wani gida a unguwar Sumiyoshi ta birnin Osaka wanda faɗinsa bai kai ƙafa 12 ba. Ya kasa tsawon gida uku, ya bar kason tsakiya a buɗe ga sama, bai fasa taga ko ɗaya ta fuskar titi ba. Masu gidan sai sun ratsa fili kafin su je banɗaki, ko ana ruwa. Duniyar masu zane ta yi ta mamakin wannan ƙarfin hali, alhali duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san fita tsakar gida da buta cikin yayyafi. Abin da suka yaba a can, mu gadonmu ne, kuma muna rufe shi da kwano.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ban cika jin ana yi ba: ina ƙofar filin take kallo? Hunkuyi na kan daraja 11 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kai da tsakar rana, wajen 20 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku takan ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu, kuma ko a Disamba, lokacin da ta fi yin ƙasa, tana kan daraja 55 daga doron ƙasa da azahar. Ma'anar wannan ita ce bangon da ke kallon kudu ko arewa yana da sauƙin karewa. Bakin kwano da ya fito ƙafa biyu zai yi wa kusan ƙafa uku na bangon da ke ƙarƙashinsa inuwa ko a Disamba, sauran watanni kuma ya fi haka. Taga a irin wannan bango na shigo da hasken sararin sama ba tare da zafin ranar ba. Bangon gabas da na yamma kuwa rana na dukansu a kwance, babu bakin kwanon da zai tare ta. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, a watan Maris da Afrilu yakan sha rana daga azahar har magariba, bulo ya riƙe zafin ya riƙa sakinsa har tsakar dare. Gabas kuma ta nan hadarin damina ke tasowa da iska da feshi, shi ya sa tsofaffin magina ke ƙara wa bangon gabas makuba. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas suke zuwa.

Wannan shi ke raba tsari biyu da siririn fili ke iya ɗauka.

Idan ƙofar fili na kallon gabas ko yamma, wato tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, jeren ɗakuna a gefe guda ya fi dacewa. A jingina su da iyakar arewa, ƙofofi da tagogi su kalli kudu. Sun ba hunturu baya, suna karɓar iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma, da sanyi kuma hantsi na sauka a gabansu inda tsofaffi da yara za su sha shi. Ɗaki mai zurfin ƙafa 12 tare da bangayensa zai ci kusan ƙafa 13 da rabi, saura kamar 11. A nan ne ake yin kuskure, domin ido na ganin ƙafa 11 kamar akwai sauran wuri. Babu. In aka yi baranda ta ƙafa huɗu, bakwai ce ta rage a buɗe, kuma ita ce ran gidan. Raunin wannan tsari shi ne bayan ɗakunan bangon maƙwabci ne, iska ba ta ratsawa. Maganinsa taga biyu a fuska ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take tashi, in ta sami mafita sai mai sanyi ta biyo ta ƙasa.

Idan kuwa ƙofar na kallon kudu ko arewa, jeren gefe zai sa kowane ɗaki ya fuskanci gabas ko yamma, abin da muke gudu. A nan sai a koma tsarin kakanni, a gitta gini a bar fili, a sake gittawa a sake bari. Ga yadda ƙafa 100 za ta iya kasuwa. Ƙafa 12 na farko zaure ne da shago ko ɗakin samari. Ƙafa 10 ƙofar gida ce a buɗe, inda babur zai kwana, da ɗan banɗakin baƙi a kusurwa. Ƙafa 14 turakar maigida da lungun shiga ciki, tana samun taga gaba da baya. Sannan babbar tsakar gida ƙafa 26, da kicin a jingine gefe guda. Sai ƙafa 26 na ciki da falo biyu, falo na kallon tsakar gida, uwar ɗaki na kallon baya. Ƙafa 12 na ƙarshe filin baya ne, wurin masai da wanki da turken awaki. Kowane ɗaki a nan yana kallon kudu ko arewa, kowanne yana taɓa sarari. Faɗin ne zai matse: in aka cire bangayen iyaka masu inci tara, da lungu ƙafa uku da rabi, da bangayen tsakani masu inci shida, kowane ɗaki zai tashi da ƙafa tara da rabi. Gado shida da shida zai shiga, amma sai an yi shawara da kafinta kafin a yi wa amarya kayan ɗaki.

Na san abin da mai iyali zai ce: kusan rabin filina ke nan a buɗe, ni kuwa ɗakuna nake nema. Maganarsa na da nauyi, ba na raina ta. Mai mata biyu da 'ya'ya goma ba zai kwantar da su a tsakar gida da damina ba. Amma a ƙirga abin da filin ke yi a gidan manomi. Nan ake shanya barkono da masara, nan ake sussuka da casa, nan ake ɗaure ragon layya, nan mata ke taruwa ranar suna, nan ake kwana a watannin zafi. Kuma mu tuna da 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Arewa ya kashe fiye da 11,000. Cuta ce ta lokacin zafi da ƙura, tana kuma samun hanya inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Tarin fuka ma haka. Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen wuri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Wanda ɗakuna suka yi masa kaɗan, gara ya zuba tushe mai ƙarfi ya hau bene a kan ginin gaba in hali ya samu, da ya cinye fili.

Bene kuwa na zuwa da nasa haƙƙin. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tattauna taga mai leƙa gidan maƙwabci. Ibn al-Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, kuma a irin waɗannan littattafai ake kawo gwajin da aka jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya hangowa a bar ta. Abin sha'awa shi ne taga ta sama, wadda ta tsallake wannan gwaji, ita ce kuma ta fi kai haske ƙurya. Masu zanen gini na lissafin cewa hasken taga na shiga ɗaki kamar ninki biyu na tsayin kanta daga daɓe. Taga da kanta ke ƙafa bakwai za ta haska ƙafa 14, bayan nan duhu ne. Shi ya sa ciki da falo mai taga a falo kawai ba ya taɓa wadatar da uwar ɗaki. In aka ɗaga linta da layin bulo ɗaya ko biyu, ko aka bar siririyar taga a saman ƙofa, an sayi haske da kuɗi kaɗan, sutura kuma ba ta taɓu ba. Game da girma, abin da aka saba shi ne kada taga ta gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki, a kuma tuna cewa ƙarfen tsaro da ragar sauro da labule kowanne na cin rabonsa. Sau da yawa ma ba magini ne ya kashe tagar ba, sif ɗin amarya ne aka jingina a kanta don babu wani bangon da zai ɗauke shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi tun gini na linta. Shiga ɗakin, je ƙurya, zauna a ƙasa inda za a shimfiɗa darduma, ka dubi taga. In kana ganin sararin sama, haske zai iso nan. In bangon gaba kawai kake gani, to ko filin ya yi kaɗan ko tagar ta yi ƙasa, kuma yanzu ne gyara ke da arha. Gwargwado, kada faɗin fili ya gaza tsayin bangon da ke fuskantar taga. Bangon nan kuma a shafe shi da farar ƙasa ko farin fenti, domin bulo tsirara shanye haske yake yi, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa cikin ɗaki a tausashe. Bishiya a ƙaramin fili sai mai sauƙin ganye, zogale ko gwanda ko lemun tsami. Darbejiya da mangwaro za su rufe sama duka, saiwarsu kuma ta shiga tushe.

Kowane siririn gida zai sami lungun da haske ba ya kaiwa, sai a ba shi abin da ba ya buƙatar haske: sito na buhunan masara da taki, ƙarƙashin matakala, ma'ajiyar itace. Kicin da wurin zaman mata su ne za a fara ba haske, tunda su ke wuni a gidan, kuma ya kamata a tambaye su tun ana shata ƙasa, don sun fi maigida sanin inda rana ke faɗawa da la'asar. Farin kwano mai shigo da haske yana da amfani a kan lungu ko banɗaki, falle ɗaya ya isa, amma a kan ɗakin kwana zafi zai kawo.

Ruwa ma sai an yi masa hanya. Yankin nan na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin wata huɗu ko biyar, kuma a siririn gida duk rufin cikin gidan yake zubarwa, tunda ba a sakar wa maƙwabci indararo. Dole daɓen filayen ya gangaro daga baya zuwa titi, rariya ta bi ta lungu da zaure, daɓen ɗakuna ya ɗara na fili tudu. Yawancin masu rufe tsakar gida ruwa ne da ya kwanta ya kore su, ba son duhu ba. Rijiya da masai kuma masana lafiya na son a raba su da mita 30, wanda shi ne tsawon filin gaba ɗaya, don haka ɗaya gaba ɗaya baya, a kuma tambayi inda ramin maƙwabci yake.

Dama mafi girma tana hannun magada ranar rabo, kafin kowa ya sayi bulo. 'Yan'uwa biyu da suka tsaga fuloti ɗaya, in suka yarda suka sa tsakar gidajensu daura da juna, suka tsayar da katangar tsakani a ƙafa bakwai ko takwas, kowannensu zai ci hasken sarari mai faɗin ƙafa 50 alhali ƙafa 25 ya mallaka, iska kuma ta ratsa gidajen biyu. Haka za su iya haɗa ramukan masai a ƙarshe guda, rijiyoyi a ɗaya ƙarshen. Sai dai yarjejeniyar baki ba ta wuce masu ita, ɗayansu na iya sayarwa, mai saye ya zo da nasa birkilan. Ya kamata a rubuta ta a cikin takardar rabo, a faɗi daga ƙafa nawa zuwa ƙafa nawa ba za a yi gini mai rufi ba, mai unguwa da shaidu su sa hannu, kowane gida ya ajiye kwafi.